Wasiƙa daga Houston kan sanyaya iskar motar Alhaji

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali da yaran gareji. A gaishe mini da Inna da kyau.

Na saurari saƙonka kan Mustang ɗin da Alhaji ya sayo, wadda yake son a ɗora wa sufacaja, da tambayarka wace na'urar sanyaya iska zan haɗo cikin kayan. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Na kuma bar ta a fili don masu gareji na Jega da Argungu su ma su gani, tunda irin waɗannan motoci sun fara shigowa hannunku.

Ka san sufacaja famfon iska ce da bel ke juyawa daga injin, tana cusa masa iska fiye da wadda zai zuƙa da kansa. Iska kuwa in aka matse ta sai ta ɗauki zafi. Taɓa kan injin bugun iska na mai faci bayan ya yi aiki ka ji. In aka ɗauki iskar Birnin Kebbi ta watan Afrilu, digiri 40 ko sama da haka, aka matse ta da psi 10 (psi ma'aunin matsin iska ne), za ta fito ta haura digiri 100. Iska mai zafi ba ta cika silinda da kyau, sannan tana sa fetur ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iske shi. Wannan fashewar ce ke fasa fistin. Kwamfutar mota in ta ji alamar haka sai ta jinkirta wutar don ta ceci injin, ƙarfin da aka kashe kuɗi dominsa ya zube. Aikin intakula ke nan, wato na'urar sanyaya iskar, ta cire zafin tun iskar ba ta shiga ba.

Iri biyu ake sayarwa a nan. Akwai mai iska: wani faffaɗan ƙarfen alminiyam kamar lagireto da ake ɗaurawa bayan bamba, iskar injin na bi ta cikinsa, iskar hanya na busa shi ta waje. Ka saba da ita a Hilux mai dizal da Marsandi Kompressor. Ba famfo, ba ruwa, ba waya. Sai mai ruwa, wadda ke cikin Range Rover mai sufacaja: ƙaramin lagireto na zaune manne da sufacajar, ruwa na ɗauke zafin, famfon lantarki na tura ruwan zuwa wani lagireton a gaban mota ya huce ya dawo. Ruwanta daban yake da na injin a yawancin motoci.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sau da yawa irin sufacajar ce ke zaɓa maka. Wadda ke zama a kan injin, irin ta Whipple ko Roush, tana tura iska kai tsaye cikin silinda, babu wurin zagaya bututu zuwa bamba, don haka da mai ruwa take zuwa. Wadda ake ɗaurawa a gefen injin mai siffar dodon koɗi, irin ta ProCharger, ita ce ke ba da damar mai iska. Saboda haka kafin a yi maganar sanyaya, sai Alhaji ya faɗi wacce yake so.

Manyan kamfanonin nan galibi mai ruwa suke sa wa motocinsu na ƙarfi masu sufacaja. Dodge Hellcat ta 2015 mai ƙarfin doki 707 haka take, Shelby GT500 ta 2020 mai 760 ma haka. Dodge Demon ta 2018 har gaba ta yi: in za a yi tsere sai ta janye sanyin esi daga cikin mota ta juya shi kan ruwan intakula, direba na gumi injin na shan sanyi. Da man tsere tana ba da doki 840. 'Yan tseren nan kuma wasu tankin ƙanƙara suke sawa a but, su zuba ƙanƙara kafin kowane gudu. Wannan dabara ce ta gudun daƙiƙa goma. Ba ta kai mutum Yawuri.

To amma Yaya, kada ka ga suna zaɓar mai ruwa ka ɗauka ita ce ta fi a ko'ina. Kayan nan an ƙera su ne da zaton akwai wasu abubuwa a bayansu, kuma nan ne bambancinmu da su yake.

Fetur shi ne babba. A gidan mai na Texas za ka ga 87, 89 da 93, wato lambobin ƙarfin mai (oktan), a famfo ɗaya, ka danna wanda kake so, wasu gidajen har da E85 mai yawan etanol, wanda shi kansa yana sanyaya iska. Kusan duk kayan sufacaja da ake sayarwa an rubuta a takardarsu cewa sai 91 ko 93. A gida fa? Bakin famfo ɗaya ne, abin da tanka ta kawo shi za ka sha, in tafiya ta kama ka a ƙauye kuma sai jarkar 'yan bumburutu. Injin Mustang mai lita 5.0 na 2018 zuwa sama matsinsa 12 ne bisa 1 tun daga kamfani, wanda ya riga ya yi yawa. Ɗora masa sufacaja a kan man da ba a san ƙarfinsa ba, a rana irin tamu, ba ƙaramar kasada ba ce.

Sai awo. Nan ba wanda ke zaɓar intakula da ido. Ana hawa da mota kan daino, wasu manyan nadi da tayoyi ke juyawa a kansu mota na tsaye, a take totur har ƙasa, kwamfuta na rubuta zafin iskar da ke shiga, da matsinta, da yadda ake jinkirta wuta. A maimaita a jere a ga ko zafin na taruwa. Mai saita kwamfutar motar sana'arsa ke nan kaɗai, ba ya taɓa sifana. Wasu ma ba sa ganin motar, ka tura musu bayanan ta imel su dawo maka da sabon saiti. Wannan na ƙarshen shi ne zai yi mana amfani, domin kowace motar Amurka tun daga 1996 tana da soket ɗin OBD ƙarƙashin sitiyari, kuma ɗan abin da ake soka masa ya nuna zafin iska a waya ba shi da tsada. Zan saka guda biyu a kayan.

Kayan gyara kuma, in famfon ruwan intakula ya mutu yau, ka yi oda a Summit Racing ko JEGS, cikin 'yan kwanaki yana ƙofar gidanka, in bai dace ba ka mayar. Matsalar famfon nan ita ce ba ya ihu in zai mutu. Allurar zafin injin na nan daidai, mota dai ta yi nauyi da rana, da asuba ta warware. In Range Rover ta zo maka da wannan kukan, fara da famfon intakula kafin a taɓa fulogi ko a wanke nozul. Iska ma in ta maƙale a layin ruwan haka take yi. Ga kuma halinmu na zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, wanda ke toshe ƙananan ramukan alminiyam. Ruwan kulan na gaske take so, a sirka da ruwan batir, wato tataccen ruwa ba asid ba.

Inda muka fi su shi ne hannu. Kuɗin aikin bakanike a nan ya wuce dala 100 a awa ɗaya, kuma ɗan ƙarfen riƙe bututu in ba ya cikin kwali sai ka jira layin mai ƙira. Kai kuwa mai waldar da ke kusa da kai zai lanƙwasa maka shi kafin la'asar. Mai iska aikinta na bututu ne da ƙarfe, irin wanda kuka iya. In ta huje, mai waldar alminiyam zai toshe.

Mai iskar ma tana da nata matsalolin. Ba za ta taɓa sanyaya iska ƙasa da zafin gari ba. A cunkoson kasuwa tana ɗumama, sai dai da an hau titi take hucewa, alhali mai ruwa tana jinkirin zafi, in ta yi kuma tana jinkirin sauka. Tana zama gaban kwandensan esi da lagireto ta rage musu iska, don haka fanka sai ta kasance lafiyayya. Ƙurar hunturu da fara da ƙwari na cika haƙoranta, sai ana busawa a kai a kai. Tana kuma ƙasa-ƙasa, rami ɗaya ko tudun rage gudu ya isa ya lotsa ta. A yi mata raga da farantin kariya.

Akwai masu fesa ruwa da metanol rabi da rabi cikin iskar. Yana aiki sosai, amma ban yarda a jingina lafiyar injin a kansa a Kebbi ba. Ran da tankin ya ƙare a tsakanin Koko da Yawuri, injin ne zai biya.

Shawarata ita ce sufacaja ta gefen injin da intakula mai iska, babba, a sa fuli mai faɗi don matsin ya yi ƙasa, a kuma gaya wa mai saiti gaskiyar man da za a sha. In Alhaji ya kafe sai mai zama a kan injin saboda ƙarfinta tun daga tashi da wannan kukan nata, to a ƙara girman lagireton gaba, in haɗo famfo na ajiya. Ka kuma tuna masa cikin ladabi cewa motar a yadda take doki 460 gare ta.

Kafin in biya kuɗin komai, cire bamba ka ɗauko mini hoton gaban motar, da lambar shasi, ka duba ko waɗanda suka taɓa ta a hanya sun cire tamostat ko sun haɗa fanka kai tsaye. In sun yi, a mayar da su yadda suke tukuna. Ka tambayi Alhaji kuma a wane gidan mai ya saba sha.

Ƙaninka, daga Houston.