Wata takwas da keken wibin: yadda ya yi min da bakin mayafi

Bakin mayafi ne ya sa na sayi keken nan. Duk mai ɗinkin mata ta san wahalar kalmasa a yadin shifon: ki ninke ya zame, ki sake ninkewa, ƙarshe bakin ya fito a murɗe kamar igiyar shanya. Da can sai in tara mayafai in aika wurin mai wibin, idan Salla ta matso kuwa sai in kwana uku ban ga kayana ba.

Brother 1034D na samu, na hannu, irin wanda aka yi wa kasuwar Amurka. Wuta mai ƙarfin volt 120 yake sha, tamu kuwa ta fi haka ƙarfi, don haka sai da na haɗa shi da taransifoma mai rage wuta. Wadda za ta saya ta duba rubutun da ke jikinsa tun a shago, kada ta je gida ta jona kai tsaye.

Allura biyu gare shi da zare huɗu, amma siririyar kalmasar da yake naɗewa da kansa zare uku take so. Za ki cire allurar hagu, ki zare wani ɗan ƙarfe mai kama da yatsa wanda ɗinkin ke hawa kansa, sannan ki mayar da tsawon ɗinki kan alamar R. Da zarar yatsan nan ya fita, bakin yadin ba shi da abin dogara, sai ya naɗe. Abin da ya ci min kwana biyu shi ne matsin zare. Keken na da ƙugiyoyi biyu masu sarƙa zare a bakin yadi, ta sama da ta ƙasa. Ashe sai an ƙara matsin zaren ƙugiyar ƙasa sosai, shi ne zai jawo na ƙugiyar sama ya zagayo ya lulluɓe bakin. Ni kuwa ina ta murɗa na allura, ina jin haushin keke, alhali laifina ne.

Ranar da ya zauna, na ɗauki ƙyallen shifon ruwan toka na tura. Wuƙar da ke jikin keken na aske gefen, wani siririn layi da bai wuce milimita 2 ba yana fitowa ta baya, sumul, kamar na mayafan kanti. Sai da na kira maƙwabciyata ta zo ta gani. Yana iya ɗinki 1,300 a minti ɗaya, amma a shifon ban taɓa taka shi har ƙasa ba. A hankali ya fi kyau.

Ba kowane yadi ke ba da haɗin kai ba. Akwai wani shifon mai sakwa-sakwa da na sayo a Kantin Kwari, na gama gefe guda cif, ina ja da yatsa sai kalmasar ta ɓalle gaba ɗaya ta biyo hannuna. Ɗinkin ya yi cinkoso ne har ya tsinka saƙar. Na ɗan ƙara tsawonsa, na sa allura lamba 11 maimakon 14, na fesa sitati na goge bakin, shi ke nan ya kama. Allurarsa irin ta keken gida ce, ba sai an sha yawon nema ba. A yadin roba kuma, idan kika sauke ma'aunin haƙoran jan yadi zuwa 0.7, bakin zai yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar ganyen latas, yara mata suna son shi a gefen hijabi.

Ba ya komawa baya ya ɗaure ɗinki, saboda haka a kowace kusurwa ina barin jelar zare in mayar da ita ciki da allurar hannu. Mayafi ɗaya jela huɗu, kuma wannan ne kaɗai ke gundurata. Fil kuwa ki nisanta shi da wuƙar. Ɗan yatsan ƙarfen nan ya taɓa ɓace min kwana biyar, na tsince shi a gwangwanin maɓallai, yanzu a ledar allurai nake ƙulle shi.

Atamfa da shadda har gobe a tsohon kekena nake kalmashe su, sun fi kwanciya a can. Mayafi da gyale da gefen leshi mara nauyi kam, tun da na saye shi ban sake aika ko ɗaya waje ba.