Radiyonsu ya ceci ɗana, amma ba zan sake yin ekografi a wurinsu ba

Ɗana na da wata huɗu numfashinsa ya fara ba ni tsoro. In ya sha nono sai haki, haƙarƙari na lotsawa, wani lokaci ya yi amai leɓensa su yi duhu. Sau biyu ana ce mana sanyin ƙirji ne, muka ƙarar da kwalaben siro uku babu sauƙi. Inna, uwar maigidana, har ta fara zancen a kira wanzami ya cire masa belu.

Wata Talata da dare abin ya tsananta, muka kai shi wata kilinik a nan Tawa a yi masa radiyo, wato hoton ƙirji. Likitan da ke gadi matashi ne, da na gan shi ban sa rai da komai ba. Ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, ya ɗora abin sauraro a ƙirjin yaron ta hagu, sannan ya miƙo mini. "Madam, saurara da kanki." Ƙugin hanji na ji, irin na cikin mai yunwa, amma a ƙirji! Jikina ya mutu.

Ya juya bayan ordonas, takardar magani, ya zana mini. Akwai wata tsoka shimfiɗe kamar faifai tsakanin ƙirji da ciki, ita ke taimakon numfashi. Ta ɗana ba ta gama rufewa ba tun cikin bai kai wata uku ba, hanji ya bi ta ramin ya hau, ya danne huhun hagu, ya tura zuciya dama. Ya ce galibi ta hagu ake samunsa, kusan jariri 1 cikin 3,000. Da ya ga ina kuka ya ce, "Ba wani abu kika ci ba, ba laifinki ba ne." Har gobe ina sa masa albarka kan wannan kalma.

Ya hana ni ba shi nono, ya zura masa siririn tiyo ta hanci har ciki don iska ta fita, ya sa oksijen, ya kira asibiti a Yamai da wayarsa don a kai shi can. Muka bi Konni, Dogon Dutsi, Doso, kilomita fiye da 500, ina riƙe da ƙafar yaron. Sai da numfashinsa ya daidaita aka yi aiki, aka mayar da hanjin aka ɗinke ramin.

To amma in na tuna wani abu raina ɓaci yake. Kilinik ɗin nan ce ta yi mini ekografi, wato hoton ciki, har uku ina da cikinsa. Na ƙarshe ko minti biyar bai kai ba, mai yin yana waya da hannu ɗaya, ya ce lafiya lau. Likitan Yamai ya ce wani ramin ƙarami ne, hanji ba ya hawa sai bayan haihuwa, don haka ba lalle a gani ba. Na yarda. Amma mai ekografin bai ma duba ba balle ya gani.

Ga kuma mai karɓar kuɗi. A daren nan, yaro na shiɗewa a hannuna, ta ƙi a shiga radiyo saboda jika biyu da ba su cika ba, sai da maigida ya hau kabu-kabu ya koma gida ya ciko. Na roƙe ta da Allah da Annabi, ko kai ba ta ɗago ba.

Yaro yanzu yana rarrafe, tabon na nan ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Kwanan baya na kai wa likitan nan na Tawa shi ya gani, na wuce teburin matar ban gaishe ta ba.