Pakistan ko Indiya, ina ƙungiyoyin masu sauya jinsi suka fi cin nasara?

Malama, tambayar da kika yi jiya kan aikinki na makaranta, cewa ta yaya ake gane ƙungiyoyin kare haƙƙin masu sauya jinsi sun ci nasara, kuma ko samun doka ya isa shaida, to bari in jera miki ƙasashe biyu maƙwabta ki gani da kanki. Pakistan da Indiya na zaɓa saboda duka biyun suna da waɗannan mutane tun fil azal, a Indiya ana ce musu hijra, a Pakistan khwaja sira, mafi yawansu bara da rawa a gidan biki da suna ne abin dogaronsu.

In dai takarda za a duba, kafin 2023 Pakistan ce gaba nesa ba kusa ba. Tun 2009 kotun ƙoli ƙarƙashin babban alƙalinta Iftikhar Chaudhry ta ba da umarni a yi musu katin ɗan ƙasa, sannan a watan Mayun 2018 majalisa ta yi doka wadda ta ba mutum damar ya faɗi jinsinsa da bakinsa a rubuta masa a kati ba sai likita ya duba shi ba, ta hana a nuna musu bambanci a makaranta da wurin aiki da asibiti, har maganar gado ta taɓa. Indiya kuwa hukuncin kotun ƙoli na 2014, wanda ake kira NALSA, shi ya amince da jinsi na uku ya kuma ce gwamnati ta ware musu gurabe a karatu da aiki, amma da majalisa ta zo yin doka a 2019 sai ta yi watsi da maganar guraben, ta ce sai majistare na gunduma ya ba ka satifiket na shaidar jinsinka, kuma wanda ya ci zarafinsu hukuncinsa wata 6 zuwa shekara 2 kacal. Su kansu ƙungiyoyin ne suka fito titi suna zanga-zangar ƙin dokar da aka ce don su aka yi.

Toh amma ki duba abin da ya biyo baya. Dokar Pakistan shekara 5 ta yi, a watan Mayun 2023 Kotun Shari'a ta Tarayya ta soke sassan da suka shafi zaɓar jinsi da kai da kuma gado, ta ce sun saɓa wa Musulunci, bayan 'yan siyasa irin su Sanata Mushtaq Ahmad na jam'iyyar Jamaat-e-Islami sun daɗe suna yaƙar ta. An ɗaukaka ƙara. Ni a ganina nan ne darasin yake, an shawo kan majalisa amma ba a shawo kan malamai da mutanen unguwa ba, kuma a ƙasa irin Pakistan abin da bai samu karɓuwa a wajensu ba da wuya ya yi ƙarko. Indiya da dokarta mai rauni sai ga jihohi suna tafiya a hankali, Tamil Nadu ta kafa hukumar jin daɗinsu tun 2008, Karnataka ta ware musu kashi 1 cikin 100 na aikin gwamnati a 2021.

Kar ki ɗauka Indiya ta tsira fa. A 2017 kamfanin jirgin ƙasa na cikin birnin Kochi a jihar Kerala ya ɗauki masu sauya jinsi 23 aiki, masu sayar da tikiti da masu shara, jaridu suka yi ta yayatawa. Ba a jima ba da dama daga cikinsu suka ajiye aikin, dalili kuwa masu gidaje sun ƙi ba su haya, dole suka koma kwana a masauki ana biya kullum, albashin gaba ɗaya a nan yake ƙarewa. Duk ƙungiyar da ta rubuta "mun samar wa mutum 23 aiki" ba ta yi ƙarya ba, amma ki tambaye ta nawa ne suka rage bayan shekara.

Na Pakistan ma ya fi taɓa ni wallahi. A 2016 aka harbi wata 'yar fafutuka daga cikin khwaja sira mai suna Alisha a Peshawar, aka kai ta asibiti jina-jina, ma'aikata suka tsaya jayayyar ɗakin maza za a kai ta ko na mata, kwanaki kaɗan ta rasu. Lokacin shekara 7 ke nan da umarnin kotun ƙoli. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan al'amarin, wanda aka harba likita yake buƙata.

Sai matsalar ƙidaya, wadda za ta ba ki wahala a aikin naki. Ƙidayar Pakistan ta 2017 mutum 10,418 ta samu a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, ƙungiyoyin suka ce adadin ya yi kaɗan ƙwarai domin da yawa sun ɓoye kansu. Ta Indiya ta 2011 ta samu kusan 488,000. In ba ki san yawan mutanen ba, ba yadda za ki ce kashi kaza sun amfana.

Don haka in ni ce ke, zan ba Pakistan maki a saurin samun doka, in ba Indiya maki a ɗorewa a matakin jiha, sannan kowace ƙungiya in nemi ta nuna min mutum nawa suka karɓi kati a hannu, nawa ke bakin aiki har yanzu, da kuma ƙorafi nawa da aka kai wa 'yan sanda ya kai gaban alƙali.