Orange Money da MoMo a Garwa: kowa da ma'auninsa

Matasa masu kiyos a kasuwar Garwa, arewacin Kamaru, suna yabon lambobin tura kuɗi ta waya, wato #150# na Orange Money da *126# na MoMo ɗin MTN: ka zaɓi tura kuɗi, ka sa lambar mai karɓa, adadi, lambar sirri, shi ke nan. Ƙaramar waya ta isa, ba sai da intanet ba.

Dattijo mai sayar da albasa kuwa ba da sauri yake auna su ba. Yana laluben maɓalli, shafin ya rufe, sai ya sake daga farko. Saƙon shaida da Faransanci ko Turanci yake zuwa, kuma duk wanda ya karanta masa ya ga ragowar kuɗinsa. Wannan tonon asirin ya fi harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka sa wa tura kuɗi ta waya a 2022 ci masa rai, kuma a ganina yana da gaskiya.