Na'urar nuna hanya ta mota ko taswirar waya: abin da na gani a shekara biyu

Sana'ata sayen riɗi da wake a kasuwannin ƙauye, in kawo Dawanau. Gumel, Maigatari, Babura, wani zubin har Magarya da Damagaram, duk wuraren zuwana ne. Shekara biyu ke nan abu biyu suke gaban motata: na'urar nuna hanya irin wadda ake mannawa a gilashi, da wayata mai manhajar taswira. Abokan kasuwa sun sha tambayata wanne ya fi, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Na'urar 'yar kwatano ce. Ranar da na kunna ta na sha mamaki, domin taswirar Turai ce a cikinta, mai shagon kuma bai gaya mini ba. Najeriya kusan fili ce fetal, sai 'yan manyan hanyoyi. Ɗan wana ne ya cece ni: ya sauko da taswirar OpenStreetMap, wadda masu aikin sa-kai a faɗin duniya suke zanawa kyauta, ya zuba a katin memori ya saka mata. Daga ranar ta zama abin amfani. Duk mai niyyar saye, ko Garmin ce ko TomTom, ya sa a kunna masa a shago, ya nemo garinsu da idonsa kafin ya ƙirga kuɗi.

Akwai abin da mutane da yawa suka fahimta a baibai. Gano inda kake ba ya cin data. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna can sama kimanin kilomita 20,000, kuma da na'urar da wayar duk sauraronsu kawai suke yi. In aka samu huɗu, an san wurinka. Taswirar ce take buƙatar intanet in ba ka sauke ta tun a gida ba. Wanda ya tuna Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Google Maps tana bari a sauke yanki a ajiye, OsmAnd da Organic Maps kuwa dama don aiki ba intanet aka yi su.

To me ya sa ban jefar da na'urar ba? Zafi. A watan Afrilu, tsakanin Gumel da Maigatari da azahar, waya a maƙale a gilashi, allo a kunne, caja a jiki, ba ta daɗewa take zama kamar an ciro ta daga murhu. Haskenta ya dushe, cajin ya tsaya, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya. Batirin waya guda ya kumbura mini a haka, kuma laifin rana ne da inda na ɗora ta. Na'urar kuwa tana wuni a wurin ba ta ko gezau. Sannan ba a kiranta. Dillali ya kira ka daidai kana dab da mararraba, kiran ya rufe maka allo, ka wuce kwanar. Sau nawa aka yi mini haka.

Amma da na shigo Kano, waya ce sarauniya. Ta san inda cunkoso yake a wannan sa'ar, ta san sababbin gadoji irin na Ɗangi da Hotoro, ana turo maka wurin da mutum yake ta WhatsApp ka danna ka tafi. Na'urar sai an cire katin an sabunta mata taswira da hannu, kuma rubuta suna a allonta wahala ce.

Abu ɗaya da ya dame ni a duka biyun shi ne rubutun sunaye a Nijar. Ka rubuta Tasawa su yi shiru, sai ka rubuta Tessaoua irin na Faransanci. Damagaram sai ka ce Zinder, Tawa kuma Tahoua. Na rubuta irin waɗannan a takarda na ajiye a aljihun mota.

Kuma babu wadda ta san damina. Sau ɗaya aka nuna mini gajeriyar hanya ta burji, na tarar ruwa ya yanke ta, na koma baya da buhu talatin a mota. Ba su san hanyar da ba a bi bayan la'asar saboda tsaro ba. Wannan a tasha nake tambaya, wurin direbobi da 'yan kamasho.

Mai zirga-zirgar cikin gari, kada ya ɓata kuɗinsa, wayarsa ta ishe shi. Ya dai sayi mariƙin da ake maƙalawa a bakin iskar AC, ba a gilashi ba. Mai wuni a hanyar ƙauye irina, na'urar ta cancanci kuɗinta. In ta mutu gobe zan nemi wata, amma a wannan karon sai na ga Maigatari a allonta kafin in bar shagon.