Gaɓar kafaɗa mai siminti da marar siminti: wacce ta fi riƙe ƙashi?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta yi tambaya kan mahaifiyarta mai shekara 67 da za a sauya wa gaɓar kafaɗa. Likita ɗaya ya ce da siminti zai kafa ta, wani ya ce ba ya sa siminti, ƙashi ne zai kama ƙarfen da kansa. Tana son sanin wacce ba ta saurin girgiɗa.

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ta yiwu likitocin nan ba saɓani suke yi ba, kowa ɓangaren da yake nufi daban. Gaɓar gida biyu ce. Akwai ƙarfen da ake zurawa cikin ƙashin damtse, mai ƙwallo a kansa, akwai kuma abin da ake kafawa a ɗan gurbin da ke jikin allon kafaɗa, kuma amsar kowanne daban take.

Simintin ƙashi hoda ce da wani ruwan sinadari da ake kwaɓawa a ɗakin tiyata, ya daskare cikin minti 10 zuwa 15, yana fitar da zafi. Ba gam ba ne. Shiga yake yi cikin ƙananan ramukan ƙashi ya cike su, kamar kwaɓi tsakanin bulo da bulo. Shi ya sa sai an wanke ƙashin, an tsane jini, an danna simintin da ƙarfi tun yana da laushi. Idan jini ya shiga tsakani, riƙon ya raunana tun ranar farko. Amfaninsa shi ne majinyaci na tashi daga tebur gaɓar ta riga ta kafu. Illarsa kuwa, ƙarfin ranar nan shi ke nan, ba ya ƙaruwa, sai dai ya ragu da shekaru.

Marar siminti kuma galibi ƙarfen titaniyam ne mai kaushi, jikinsa cike da ƙananan ƙofofi. Ana fafe masa wurin da ya ɗan fi shi matsi, a buga shi ya zauna daram, sannan a jira ƙashi ya tsiro cikin ƙofofin, abin da ke ɗaukar mako 6 zuwa 12. Sharaɗinsa kada ya motsa a wannan lokaci. Motsin da ya kai milimita 0.15, wato kaurin silin gashi biyu, ya isa ya hana ƙashi shiga, sai wani nama irin na tabo ya cike wurin. Taba da ciwon sukarin da ba a shawo kansa ba suna jinkirta kamun. In ya kama kuwa, riƙo ne mai rai wanda jiki ke sabuntawa.

A ɓangaren damtse ba sai an daɗe ba, domin duk hanyoyin biyu suna riƙewa sosai kuma kwancewa a nan kaɗan ce. Ingancin ƙashi ke yanke hukunci. Wanda ƙashinsa ya yi laushi saboda tsufa, ko wanda karaya ce ta kawo shi, ya fi dacewa da siminti, don buga ƙarfe mai kauri cikin siririn ƙashi na iya tsaga shi ana cikin aiki. Mai ƙashi lafiyayye ana barinsa ba siminti, musamman in yana da sauran shekaru, domin fitar da ƙarfen da aka siminte in an zo sake aiki wahala ce, wani lokaci sai an tsaga ƙashin a tsaye. Ƙarfen da ya cika ramin ɓargo da yawa shi ma yana da nasa aibin: yana ɗauke wa ƙashin sama nauyi, ƙashin ya riƙa sirancewa. Akwai kuma samfurin da ba shi da doguwar sanda ko kaɗan. Kafin a sa shi likita kan danna babban yatsa a fuskar ƙashin da ya yanka, in ya lotsa sai a fasa, a koma mai sanda.

Inda gizo ke saƙar shi ne gurbin allon kafaɗa. Ɗan wuri ne, tsawonsa bai kai santimita 4 sosai ba, faɗinsa bai cika 3 ba, ba shi da zurfi, ƙashin da ke bayansa kuma kaɗan ne. A gaɓa irin ta asali, wadda ke kwaikwayon halitta, wata roba mai tauri ake sawa a nan, kuma kwancewarta ita ce matsalar da aka fi gani bayan shekaru. Dalilin yana cikin yadda kafaɗa ke aiki: kan ƙashin ba ya zama a tsakiya kullum, yakan danne gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ɗaga, kamar benci da mutum ya zauna a bakinsa. Sau dubbai ana haka, sai simintin ya fara rabuwa da ƙashi. Idan jijiyoyin da ke riƙe kan ƙashin a tsakiya sun yage, abin ya fi sauri.

A wannan gurbi, roba zalla da aka siminte ta fi wadda aka yi wa bayan ƙarfe aka ɗaure ba siminti. An gwada ta biyun da kyakkyawan zato, amma robar ta zama siririya, ta cinye da wuri ko ta rabu da ƙarfen, kuma rajistar ƙasa da ke tattara sakamakon sauya gaɓoɓi, irin ta Ostareliya, ta nuna an fi komawa sake aiki a kanta. Tsakanin masu siminti ma akwai bambanci: mai ƙananan turaku a baya ta fi mai doro ɗaya a baya nuna kyakkyawan riƙo a hoton ƙashi a shekarun farko.

Labari yana sauyawa idan gaɓar juyayya ce, irin wadda Paul Grammont ya ƙera a Faransa a 1985, inda ƙwallon ke komawa jikin allon kafaɗa, gurbin ya koma damtse. Ita ake yi wa wanda jijiyoyinsa suka yage ba gyara. A nan gindin ƙwallon ba a siminte shi. Turke ne a tsakiya da sukurori biyu zuwa huɗu, sai ƙashi ya kama daga baya. Kwancewarsa ba ta da yawa in sukurorin sun sami ƙashi mai tauri kuma an kafa shi ƙasa-ƙasa. In aka ɗaga shi sama ko aka karkata shi ya kalli sama, nauyi yana ture shi, ɓangaren damtse kuma ya riƙa gugar wuyan allon kafaɗa har ya yi masa gurbi. Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa likitocin ita ce wace irin gaɓa kowannensu ke nufi, kuma me hoto ya nuna game da jijiyoyin Mama. A ganinmu wannan ya fi maganar siminti muhimmanci nesa ba kusa ba.

A jumlace, kusan tara cikin goma na waɗannan gaɓoɓi suna wuce shekara 10 ba a sake taɓa su ba. Wadda ta kwance cikin shekara ɗaya ko biyu, a fara zargin ƙwayar cuta. Akwai wata da ke zaune a fatar kafaɗa, ita ce dai ake alaƙantawa da ƙurajen fuska, ba ta cika sa zazzaɓi ko mugunya ba, sai ciwo da ƙagewa. Tsirowarta a ɗakin gwaji na da jinkiri, don haka ana ajiye samfurin da aka ɗebo daga kafaɗar har kwana 14. Masu sikila, waɗanda kan ƙashinsu kan mutu saboda tsayawar jini, sun fi fuskantar wannan haɗari, ramin ɓargonsu kuma kan toshe, abin da ke wahalar da zura ƙarfen.

Hoto ɗaya ba ya nuna kwancewa, sai an jera shi da na baya. Siririn baƙin layi tsakanin siminti da ƙashi abu ne da aka saba gani, ba tashin hankali ba ne. Wanda ake tsoro shi ne mai faɗin milimita 2 da ya kewaye robar duka, ko wanda ke ƙaruwa, ko a ga gaɓar ta karkata. Ku adana hoton farko na bayan tiyata da takardar da ke ɗauke da sunan gaɓar da lambarta, balle in a Indiya ko Masar za a yi aikin.

Makonni 4 zuwa 6 na farko hannu yana cikin maratayi. Kada Mama ta ɗauki abin da ya fi kofin shayi nauyi, kada ta dafa hannun ta miƙe daga tabarma ko sallaya, a sama mata kujera. Daka, jan guga da sauke kaya daga ka sai likita ya ba da izini, wasu ma an bar su ke nan. In wurin ya yi ciwo ko ta faɗi, a nufi asibitin ƙashi a yi hoto, kada a bari mai ɗori ya ja hannun.