Garejin da ya gano min kukan da Hilux ɗina take yi ba tare da an sauke komai ba

Duk mai a-kori-kura da injinsa ke wani siririn kuka an rasa gane daga ina yake fitowa, akwai wani gareji a nan Kano wajen Ƙofar Ruwa, can ta bayan masu sayar da kayan mota, da nake ganin ya cancanci a yaba masa. Ba shi da allo ba shi da suna a rubuce, rumfar kwano ce da rami ɗaya da wani ɗan shagon rewaya a gefe, amma aikin da suka min na gamsu da shi ƙwarai, kuma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba su ma zan faɗa, don kada mutum ya je da tsammanin abin da babu.

Motar Hilux ce Vigo, irin wadda Toyota ta yi daga 2004 zuwa 2015 kafin Revo ta fito, mai injin fetur 2TR-FE lita 2.7, ita nake ɗaukar kaya da ita daga Dawanau. Kukan siriri ne wiiii kamar na sauro a kunne, a silo da ƙyar za ka ji shi, kana taka totur sai ya tashi, ka saki ya sauka, kuma mota lafiyarta ƙalau tana ja, ba ta zafi, ba ta shan baƙin mai, babu wata fitila da ta kama a dashbod. To irin wannan shi ne ke cin kuɗin mutum a banza, domin kowane bakanike da nasa hasashen. Wani ya ce fambel ne aka canza kuka na nan, wani ya ce famfon sitiyari ne aka zuba mai kuka na nan, wani ya sa mata kwamfuta bai ga komai ba, wanda ya fi tayar min da hankali shi ne wanda ko bonet bai buɗe sosai ba ya ce Alhaji giyabos ne sai an sauke. Wallahi wannan ɗabi'a ta a saya a gwada ita ce babbar matsalar kanikanci a wajenmu, kai ne za ka sayi kaya, in bai yi ba a ce to ai dama shi ma ya kusa mutuwa.

Abin da ya fara burge ni a wannan garejin, ogan bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi min tambayoyi. Yaushe ya fara, da safe ya fi yi ko in mota ta yi zafi, in ka kunna AC yana canzawa, an taɓa yi mata walda kwanan nan, an taɓa haɗa ta da batirin wata mota don a tayar da ita. Sannan ya ce Alhaji shiga ka ja mu fita titi. Muka hau titin Katsina, da muka kai gudun kamar kilomita 60 a awa ya ce in saka ta firi in cire ƙafa daga totur, mota na ci gaba da gudu amma kuka ya sauka tare da injin. Nan take ya ce to ka cire giyabos da bak aksul da boris ɗin taya daga lissafi, domin su kukansu gudun mota yake bi, wannan kuwa juyin injin yake bi. Da muka tsaya ya sa na taka kuloci na saki, babu canji, ya ce boris ɗin kuloci ma ba shi ba ne. Ya sa na murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, nan ma babu canji, ya buɗe robar man sitiyari ya leƙa ya ga man ja ne tas babu kumfa, ya ce da famfon ne da kana murɗawa zai yi ƙugi, musamman in mai ya yi ƙasa ko iska ta shiga. A nan ma ya ja min kunne cewa wannan motar ATF, wato man giyar otomatik, ake zuba wa sitiyarinta, irin Dexron, a rubuce yake a kan murfin, kada in bari wani yaro ya zuba min man birki ko baƙin mai. Duk wannan fa ko kusa ɗaya ba a kwance ba, kuma an riga an rage rabin abin da ake zargi.

Da muka koma gareji ya yayyafa ruwa kaɗan a kan fambel injin na aiki, kuka bai canza ba, ya ce da bel ne ke zamewa da ka ji ya ɗauke na ɗan lokaci ko ya ƙara tsananta. Sai ya ɗauko wata doguwar sukundireba ya ɗora bakinta a jikin kowane abu da bel ke juyawa, ya kafa kunnensa a kan mariƙin, altaneta, kwamfireson AC, famfon sitiyari, famfon ruwa, adjosta mai ɗaure bel, fuli ɗin da ke juyawa kawai, ɗaya bayan ɗaya, hannun rigarsa a naɗe don fanka na juyawa dab da shi. Da ya zo kan altaneta ya daɗe, ya miƙo min ya ce Alhaji saurara, na sa kunne na ji kukan ƙarara a cikin ƙarfen. Ni a raina na ce shi ke nan boris ɗin altaneta ne, shi kuwa ya ce a'a tukuna, ƙarfe yana ɗaukar ƙara daga maƙwabcinsa, bari mu tabbatar.

Ya sa yaro ya sassauta adjosta aka cire bel, wannan injin bel ɗaya ne ke juya komai, aka tayar da mota na ɗan lokaci kaɗan wanda bai kai minti ɗaya ba tunda famfon ruwa ba ya juyawa, in aka bar ta za ta yi zafi. Kuka ya ɗauke ɗif. Wato cikin injin lafiya lau, ba sarƙar taimin ba ce ba famfon baƙin mai ba ne, gaskiya nan hankalina ya kwanta. Sai ya bi fulolin nan yana juya kowanne da hannu yana girgiza shi, kuma ga inda abin ya zama da wuya, altaneta tana juyawa sumul, babu gargada babu wasa, boris ɗinta lafiya ƙalau. Fuli ɗaya ne ya ce ya fara bushewa amma bai kai ya yi wannan kukan ba. Wani bakaniken a nan zai ce a sayo fulin kawai a ɗaura a gani, shi kuwa sai ya ƙwala wa rewayan da ke gefe kira.

Wannan rewayan shi ne ya ƙarasa aikin, kuma yadda ya yi ya kamata duk mai mota ya sani. Aka mayar da bel, mota a kashe ya zare ɗan soket ɗin da ke bayan altaneta, wanda in babu shi ba za ta fara caji ba, aka tayar, altaneta na juyawa yadda ta saba amma kuka babu. Aka kashe ya mayar da soket aka sake tayarwa, kuka ya dawo. Ya ce to ka gani Alhaji, da boris ne ko tana caji ko ba ta caji zai yi kuka tunda juyawa take, wannan kukan wuta ne. Ya ɗora mita a kan batir, a silo tana nuna 13.8 wanda daidai ne, don lafiyayyen caji tsakanin 13.5 ne zuwa 14.5, shi ya sa fitilar batir ba ta kama ba kuma kwamfuta ba ta ga komai ba. Amma da ya kunna manyan fitilu da AC da fankar ciki gaba ɗaya sai caji ya faɗo ƙasa da 13 kuma kukan ya ƙara ƙarfi. Ya juya mitar zuwa ɓangaren wutar AC, wato wuta mai kai-komo irin ta NEPA, ba AC na sanyi ba, ya ce a nan in altaneta lafiya take bai kamata ka ga ko rabin volt ba, tawa ta wuce haka. Bayanin da ya min shi ne altaneta wutar AC take haifarwa ta layi uku, akwai wani faranti a bayanta da suke kira raktifaya mai ɗauke da dayod aƙalla shida, su ke mayar da wutar ta zama DC irin wadda batir ke karɓa, in ɗaya ya mutu sauran na aiki, caji bai tsaya gaba ɗaya ba amma wutar na fita da tangal-tangal, wannan ne ke sa wayoyin cikinta kuka. Ya tambaye ni ko ina jin irin kukan a sifika in na kunna rediyo, kuma tabbas ina ji, yana tashi da totur. Ya ƙara da cewa wani lokaci mataccen dayod yana zuƙe batir da dare, ka wayi gari mota ta ƙi tashi ka ɗauka batir ne ka sayi sabo shi ma ya mutu.

Aka kwance altanetar, Denso ce ta asali, ya buɗe murfin baya a gabana ya gwada dayod ɗin ɗaya bayan ɗaya da mita ya nuna min wanda ya ƙone, har wajen ya yi baƙi-baƙi. Ya ba ni zaɓi, ko a canza raktifaya kawai ko in sayi altaneta 'yar Baljiyam gaba ɗaya, ya ce shi in tasa ce raktifayan zai canza don koyil ɗinta lafiya yake kuma ta Baljiyam ba ka san tarihinta ba. Haka aka yi, tunda an riga an buɗe ya canza kabon burushi shi ma don ya cinye sosai. Kuɗin da na kashe gaba ɗaya bai kai abin da na riga na zubar a hasashen baya ba.

Akwai maganar da rewayan ya yi da nake so ta kai ga jama'a. Wannan gwajin da ake yi a ko'ina, a cire kan batir mota na aiki wai a ga ko altaneta na caji, ya ce shi ba ya yi kuma kada in bari a yi min, domin batir shi ke shanye tsallen wuta, in ka cire shi wutar na iya ƙona dayod ko ma birenbos, wato kwamfutar mota. A tsofaffin motoci masu kafireto an sha yi an tsira, amma motar da ke da kwamfuta ba abin wasa ba ce. Haka walda a jikin mota ba a cire batir ba, da haɗa waya a juye wajen tayar da mota da batirin wani, duk suna iya kashe raktifaya. Motata an mata waldar ƙarfen bodi kafin kukan ya fara, ya ce ba zai rantse ba amma yana zargin daga nan ne. Na ji daɗin wannan ba zan rantse ba ɗin, don ba kasafai kake jin ta a gareji ba.

Masu Hilux ta dizal irin 2KD ko 1KD ku lura lissafinku ya ɗan bambanta, ku akwai tabo (turbo) mai tura iska cikin injin, ita ma tana fito in boris ɗinta ya fara ci ko tiyon iska ya tsage, kuma taimin ɗinku bel ne ba sarƙa ba, wanda ake canzawa a kilomita 150,000, fulolinsa su ma suna kuka kuma cire fambel ba zai ɗauke wannan ba.

To abubuwan da ban so ba. Jira akwai shi sosai, ogan shi kaɗai ke yin binciken, yaran ba ya bari su yanke hukunci, in ka tarar da motoci a gabanka sai ka yi haƙuri, kuma wajen zama benci ɗaya ne rabinsa a rana. Ba sa ajiye kaya, dole ka bi yaro cikin kasuwa ku sayo, ni na fi son haka don ina ganin abin da na saya amma wanda ke sauri zai takura. Ba sa ba da rasit, garantin na baki ne, ya ce in kukan ya dawo in dawo da ita ba zai karɓi kuɗin aiki ba, na yarda da shi amma da a rubuce ne da ya fi. Sannan yaron da ya shiga ya gyara fakin ya bar min baƙin mai a kan sitiyari da kujera, na yi magana ogan ya masa faɗa ya sa aka goge, amma leda ko tsumma a kan kujera ba wani abu ne mai tsada ba ya kamata su tanada. Kuma kuɗin bincike daban yake karɓa ko da ba a wajensa za ka yi gyaran ba, na ga wani yana ta ƙorafi a kan haka wai ai ba a kwance komai ba, ni dai ban ga laifinsu ba sam, sanin inda ciwon yake shi ne aikin.

In za ka je ka je da sassafe da motar a sanyaye don ogan ya ji ta tun kafin ta yi zafi, in kukan mai zuwa ne yana ɗaukewa ka ɗauke shi a waya lokacin da yake yi, kuma ka faɗa masa duk abin da aka taɓa canzawa da duk wanda ya taɓa wayarin ɗinta kada ka ɓoye. Ranar Juma'a suna tashi da wuri. Fulin nan da ya ce ya fara bushewa bai matsa min in saya ba, ya ce zai kai ni sabis na gaba, in na zo juyen baƙin mai sai a canza shi tare.